Sayen 'yan wasa da hangen gaba

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ƙungiyarku ta ƙwallon ƙafa ke sayen 'yan wasa kowace kaka amma ba ta ci gaba. A ganina, ana saye ne don toshe giɓin yau, ba a tsayar da salon wasan da za a bi na shekara uku ko huɗu ba. Dubi Brighton ta Ingila: ta ɗauko Moisés Caicedo daga Ekwado a 2021 yana ɗan shekara 19, ta ba da aronsa Beljiyam ya goge, ta sayar wa Chelsea a 2023, bayan kimanin makonni biyu kuma ta kawo Carlos Baleba gurbinsa. Babban kuskure shi ne bin suna, a ba tsohon ɗan wasa doguwar kwantiragi. Kafin sa hannu, likita ya duba gwiwa da zuciya, lauya ya karanta yarjejeniyar.