Ɗumi, zafi da "koren gida": amsoshin tambayoyinku

Tambaya daga wani malamin makaranta a Damagaram: Na ji wani mai gabatar da shiri yana cewa "iskar koren gida" ce take ɗumama duniya. Wane gida ne wannan?

Babu wani gida, kuma babu kore a cikin lamarin. An ɗauko kalmar Turanci ne, "greenhouse", aka yanka ta biyu, aka fassara kowane ɓangare shi kaɗai, aka miƙa wa Bahaushe abin da ba zai gane ba, kuma wannan ganganci yana damuna ƙwarai. Asalin kalmar sunan rumfar gilashi ce da mutanen ƙasashen sanyi suke renon shuke-shuke a ciki, domin rana tana shiga ta gilashin amma ɗumin ba ya saurin fita. Manominmu bai san wannan rumfa ba, amma ya san bargo, kuma bargo ya fi dacewa da bayanin. Bargo ba ya haifar da ɗumi, riƙe wanda jiki ya fitar yake yi. Haka ƙasa take: da rana tana shan hasken rana ta yi zafi, sannan ta mayar da zafin sama ta wani irin haske da ido ba ya gani, sai tururin ruwa da iskar kabon da iskar metan da ke sararin sama su tare wani kaso su dawo da shi ƙasa. Duk wanda ya kwana a tsakar gida ya san bambancin daren bazara da hadari ya haɗu bai zubar ba, mutum yana juyi a kan tabarma yana sharce gumi, da daren hunturu da iska ta bushe, wanda kafin asuba sai an nemi mayafi. Ba don wannan lulluɓi ba, da matsakaicin zafin duniya ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas maimakon kusan digiri 15 da muke da shi. Saboda haka ni na fi son a ce "iskar da ke riƙe ɗumi".

Tambaya daga wata ɗaliba a Zariya: Me ya sa ake cewa ɗumamar yanayi, ba zafin yanayi ba?

Wanda ya fara amfani da "ɗumama" a nan ya san Hausa. Zafi hali ne da ake tarar da abu a ciki, amma ɗumama aiki ne da wani yake yi wa wani abu a hankali, kamar yadda uwargida take ɗora tukunyar tuwon jiya a murhu da sassafe, ta yayyafa ruwa, ta rufe, ta sassauta wuta har ya zama ɗumame. A cikin kalmar akwai mai aikatawa, akwai kuma sannu-sannu, kuma duka biyun gaskiya ne. Kafin a fara ƙona kwal da man fetur da gas a masana'antu, iskar kabon kusan kashi 280 ce cikin miliyan na iskar sararin sama. Lokacin da Charles Keeling ya fara auna ta a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ta kai wajen 315, yanzu kuwa ta haura 420. Ilimin ma ba sabo ba ne, domin tun 1859 John Tyndall ya nuna a ɗakin gwaji cewa wannan iska tana riƙe zafi, a 1896 kuma Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya lissafa yadda ƙaruwarta za ta ɗaga zafin duniya. Abin da kawai nake jin tsoro shi ne ɗumi a Hausa abu ne mai daɗi, shi jariri yake samu a jikin uwa, don haka mai sauraro yana iya ɗaukar lamarin da sauƙi, alhali ƙarin zafi na digiri 1.5 da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Paris ta 2015 take ƙoƙarin kada a wuce ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya dogara da damina ɗaya a shekara.

Tambaya daga Maraɗi: Daidai ne a kira iskar da ke ɗumama duniya "hayaƙi" ko "gurɓatacciyar iska"?

Hayaƙi ana ganinsa, yana sa tari da hawaye, ita kuwa iskar kabon ba ta da launi ba ta da wari, kuma ita muke fitarwa da numfashi, ita tsirrai suke sha. Yawanta ne matsala. Metan ma ba daga wuta kawai take fitowa ba, tana fitowa daga tumbin shanu da gonakin shinkafa da ruwa ya kwanta a ciki, inda babu hayaƙi ko kaɗan.

Tambaya daga Kumasi: Wace karin magana ce ta dace da wannan batu?

"Ruwa ba ya tsami banza", domin ma'anarta ita ce duk sauyin da aka gani akwai musabbabinsa. Masu jawabi sun fi yawan kawo "rigakafi ya fi magani", amma an riga an makara da ita, tunda cutar ta shiga jiki.

Tambaya daga Garwa: "Sauyin yanayi" da "canjin yanayi", wanne ya fi?

Duka biyun suna tafiya, sai dai "canji" aro ne daga Turanci, "sauyi" kuwa tamu ce, don haka a rubutu ita nake zaɓa.