Yadda ake shiga bas a Istanbul

Hajiya, kin tambaya ko za ki iya yawon sayen kaya a Istanbul da bas, tunda taksi na cin kuɗi. Sosai ma. Sai dai ba kamar faba-faba na Yamai ba ne da ake miƙa wa yaron mota kuɗi. A Istanbul direban bas ba ya karɓar ko sisi. Ki sayi kati, Istanbulkart, ki zuba masa kuɗi a injinan tasha, ki ɗora shi kan na'ura in kin shiga.

In Merter za ki, unguwar masu sayar da tufafi, ki hau Metrobüs, wato doguwar bas, yana da hanyarsa shi kaɗai, cunkoson motoci ba ya tsare shi. Amma safe da yamma mutane maƙil, don Allah ki riƙe jakarki a gaba. Laleli kuwa, ita ma unguwar masu sayar da tufafi, taragon T1, jirgin ƙasa na cikin gari, ya fi sauƙi.