Me ya sa kifi ke taso wa saman ruwa da asuba?

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa karfasa a tafkin kiwo ke taso wa sama da asuba suna haki, baki buɗe, alhali da yamma lafiyarsu lau. Ba yunwa ba ce, kada ka kuskura ka zuba musu abinci. Iskar numfashi ce, wato oksijin, ta ƙare a ruwan.

Kama guda ɗaya ka ɗaga murfin da ke gefen kansa. Za ka ga jan nama jeri huɗu a kowane gefe, kamar haƙoran mataji. Da nan yake numfashi. Ruwa na shiga ta baki ya fita ta nan, jini kuma na gudana a cikin siraran fatun ta fuskar da ta saɓa wa ruwan. Wannan saɓanin ne ke sa jinin ya riƙa cin karo da ruwa mai oksijin har ƙarshen tafiyarsa, ya ɗauki mafi yawansa, ya zubar da iskar kabon. Daga nan jinin ya wuce jiki kai tsaye, ba ya komawa zuciya tukuna.

To amma ruwa matalauci ne. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, ruwa mai zafin digiri 30 kuwa, ko ya ƙoshi, bai wuce miligiram 7 da rabi a lita ba. Ƙasa da 5 girma ya fara ja baya. Ƙasa da 3 kifi na cikin wahala.

Koren gansakukan da ke ruwan shi ne aboki, shi ne kuma abokin takara. Da rana yana amfani da haske ya saki oksijin. Rana na faɗuwa ya daina, amma bai daina numfashi ba. Shi da kifi da ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kashi da ragowar abinci a ƙasa, duk kwana suke suna zuƙa. Shi ya sa asuba ce mafi haɗari, musamman bayan yinin da hadari ya rufe rana.

In ka ga haka, fara da tsayar da abinci, domin narkar da shi na cinye oksijin. Kunna famfo ya fesa ruwa sama ya faɗo da ƙarfi. Sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan, amma ruwan rijiyar burtsatse shi ma ba shi da iska sosai, sai ka sako shi daga sama ya tarwatse. Kada ka dama laƙar ƙasa. Sannan ka tsoma hannu har gwiwa: in tafinka ya ɓace kafin santimita 25, koren ya yi yawa, ka dakatar da zuba takin da ke ciyar da shi.

Tarwaɗa ba a yi mata wannan hukuncin kai tsaye, don tana da wata gaɓa mai rassa a saman jan naman da take shan iskar sama da ita. Tasowarta jefi-jefi al'ada ce.

In kuma ka fesa ruwa hakin bai tsaya ba, sake duba jan naman. In launinsa ya koma ruwan ƙasa, gubar naitirait ce daga kashin da ya taru ta ɓata jinin har ya kasa ɗaukar oksijin. Sauya ruwa, ka zuba gishiri kaɗan, domin yana tare gubar daga shiga jini, ka kuma rage abinci na kwana biyu zuwa uku.