Tambaya da Amsa: Maigidana likita ne, tun korona barci ya ƙaurace masa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni nas ce a Jos, maigidana kuma likita ne. A 2020 yana cikin waɗanda aka tura cibiyar killace masu korona, ya yi watanni yana kwana a ɗakin baƙi don kada ya shafa wa yara. Tun daga nan bai koma daidai ba. Barci sai ya sha Lexotan, maganin sa barci da kwantar da hankali, a da ƙwaya ɗaya ce, yanzu ban san adadin ba. Duk sanda zazzaɓin Lassa ya kunno kai abin sai ya ƙaru, waya na yin ƙara sai ya zabura. Makon jiya ina haɗa kayan wanki na tsinci fankon kwalaben allurar pentazocine biyu a aljihun farar rigarsa. Da na yi magana ya ce shi likita ne, ya san abin da yake yi, kuma in ya je wajen likitan ƙwaƙwalwa za a ƙwace masa lasisi. Hajiyarsa ta ce sammu ne. Ni tsorona kada wata rana in tashe shi ya ƙi tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tsoron nan naki yana kan hanya, kuma tunda ke ma 'yar gida ce ba zan yi miki kwana-kwana ba. Bromazepam (wato Lexotan ɗin) da pentazocine (allurar kashe zafin ciwo mai kama jiki) kowanne yana danne numfashi, ballantana sun haɗu a jikin mutum ɗaya, cikin dare, ba mai sa masa ido. In kika ji yana wani irin minshari da ba ki saba ji ba, ko numfashinsa ya ja baya, ko kin girgiza shi bai farka ba, ki juya shi ta gefe, ki nemi mota zuwa sashen gaggawa, ki faɗa musu sunan abin da ya sha. Kada kunyar abokan aikinsa ta riƙe ki.

Ba a yanke wa mutum ciwo daga wasiƙa, amma zaburar nan da rashin barci da yadda abin ke dawowa duk lokacin Lassa sun yi kama da tabon firgici da ke biyo bayan masifa, wataƙila da ciwon damuwa a ƙarƙashi. Ba abin mamaki ba ne. Tun da aka tabbatar da ɓullar korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, ma'aikatan da aka jefa ɗakunan killacewar nan sun ga abin da ba a koya mana a makaranta ba: marasa lafiya sun fi tukwanen oksijin yawa, gumi na tsiyaya cikin rigar kariya, a sanar da iyali rasuwa ta waya, a dawo gida maƙwabta na kaucewa. Duk wannan a kan alawus ɗin hatsari na naira 5,000 a wata da ake biya a lokacin, wanda yana cikin abin da ya kai likitoci masu neman ƙwarewa yajin aiki a watan Yunin shekarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya a shekarar farko ta annobar. Likitan Jos kuma yana da nasa dalilin na tsoron Lassa, don a garin nan Dakta Jeanette Troup ta rasu a 1970, bayan ta yanke a hannu tana binciken gawar wanda cutar ta kashe.

To amma abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne "na san abin da nake yi". Wallahi na gaji da jin wannan magana. Kusan duk abokin aikin da ya zauna a kujerar da ke gaban teburina da ita yake farawa. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, mu kuwa abin namu ya wuce nan, mu muke tsaga kanmu a gaban madubi mu ce mun ƙware. Likitan da ba zai taɓa rubuta wa majinyacinsa Lexotan na fiye da mako biyu zuwa huɗu ba, shi ne zai sha na shekaru, yana lissafin miligiram a ransa kamar lissafin zai kare shi. Ƙwaƙwalwa ba ta san ka yi digiri ba. Cikin 'yan makonni jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, barcin da ake samu ma ba mai wartsakarwa ba ne, ga mantuwa, ga saurin fushi. Tabon firgicin da aka fara shan maganin dominsa yana nan daram, maganin bai taɓa shi ba, ya dai lulluɓe shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ita kuwa penta, wato pentazocine, ta fi muni, kuma ta daɗe tana cin ma'aikatan asibiti a ƙasar nan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: kwalabe na cikin akwatin magani, mabuɗi na hannun abokin aiki, mai kemis ɗin unguwa ya san ka da "Dakta" ba zai tambaye ka takarda ba. Na taɓa duba wani ɗan'uwa, haziƙi ne na gaske, sai da na rufe ƙofa sannan ya yarda ya naɗe wandonsa. Cinyar ta sandare kamar itace, ga gyambuna a jere inda allura ta sha shiga, gwiwa ba ta lanƙwasuwa sosai. Ya ce mini da ciwon baya ya fara, bayan kwana uku a tsaye a bakin aiki. Har a ranar yana gaya mini adadin da yake ganin "ba shi da illa". Ilimin da yake taƙama da shi, shi ya ba shi hujjar ci gaba. Mai gyaran mota in ya fara shan ƙwaya matarsa za ta tsawata, a kai shi asibiti. Likita kuwa kowa sai ya yi shiru, wai ai ya fi mu sani, shi ya sa namu suke zuwa a makare.

Sai tatsuniyar lasisi. Zuwa neman magani ba laifi ba ne, kuma abin da aka faɗa wa likitan ƙwaƙwalwa amana ce kamar ta kowane majinyaci. Abin da ke kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa na MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi, shi ne ya shiga tiyata a buge, ko ya cutar da majinyaci, ko a kama shi da hannu a akwatin magani. Hanyar da yake kai yanzu ita ce mai kai shi can. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi haƙƙin sirri da kariya daga wariya. Na san tsoron ba namu ne kaɗai ba. A Amurka Dakta Lorna Breen, shugabar wani sashen gaggawa a New York, ta kashe kanta a Afrilun 2020, iyalinta suka ce tana fargabar abin da neman taimako zai yi wa aikinta, har aka yi doka da sunanta a 2022. Mu nan an tafa wa ma'aikatan lafiya, an kira su jarumai, aka rufe cibiyoyin killacewa, kowa ya koma kan jadawalin aiki washegari, ba wanda ya ce zauna mu ji yadda ka ji. Ga abokan aiki na ta ficewa Ingila da Saudiyya, aikin mutum uku ya koma kan ɗaya.

Hajiya kuma kada ki yi ja-in-ja da ita. Uwa ce, addu'arta muna so. Ki ce mata a yi addu'a, a kuma je asibiti. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne masu cewa a zubar da magunguna duka yau a kama hayaƙi da rubutu. Wanda ya shekara yana shan bromazepam in ya yanke lokaci ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ya rikice. Ke ma kada ki kwashe ƙwayoyin ki watsa a masai. A hankali ake ragewa, cikin makonni ko watanni, a hannun wani likita daban.

Ki zaɓi ranar da bai kwana a aiki ba, yara sun tafi makaranta. Ki ajiye kwalaben nan biyu a gabansa ki ce, "Baban yara, tsoro nake ji kada in rasa ka." Sannan ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce e, kada ki bar shi shi kaɗai, a ranar za a ga likita. In ya musa komai, ki nemi babban malaminsa guda ɗaya da yake jin nauyi, wanda kika san bakinsa da nauyi, ya zo gida a matsayin baƙo. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo na da sashen ƙwaƙwalwa. In ya ce a nan kowa ya san shi, ɗalibansa ne za su ciro masa kati, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ga Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, tafiyar 'yan sa'o'i ce. Za a duba shi gaba ɗaya, a tsara rage maganin, a yi zaman tattaunawa kan abin da ya gani a 2020, in da buƙata a ɗora shi kan maganin ciwon damuwa irin su sertraline, wanda sai ya yi mako huɗu zuwa shida kafin ya nuna aikinsa sosai. Kafin nan a nema masa hutu, ko a ɗauke shi daga aikin dare da duk inda zai riƙe mabuɗin akwatin allurai. Ke ma in kun je ki karɓi naki katin, don na lura ba ki ce mini komai ba game da naki barcin.