Tambaya da Amsa: Injina yana jan layin tawada a jikin bana, hed ne ya mutu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ina da shagon buga bana da sitika a Kano, injina mai faɗin mita 1.8 ne, hed (wato kan da ke fesa tawada) XP600 ne a kansa, tawadar solben nake sa masa. To tunda hunturun nan ya shigo wlh na rasa gane kansa, ina cikin bugu sai in ga wani siririn layi ya ja daga gefe zuwa gefe a wurin da ba rubutu ba hoto, wani lokacin ɗigo-ɗigo, gefen rubutu kuma dishi-dishi kamar hayaƙi. Na yi kilin, wato wankin hed da injin ke yi da kansa, har tawada ta kusa ƙarewa, gwajin nozul (ramukan da tawada ke fita) kuma yana fitowa cif ba layin da ya ɓata. Wani injiniya ya ce hed ne ya mutu in kawo kuɗin sabo, wani kuma ya ce in wanke da tina, ruwan nan na sirka fenti. Dan Allah meye abin yi, aikin mutane nake ta ɓatawa. Daga wani mai shagon bugu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya rufa asiri. Kar ka sayi hed tukuna, riƙe kuɗinka. Ai kai da kanka ka ba da rabin amsar da ka ce gwajin nozul yana fita cif. XP600 ramuka 1080 gare shi, layi shida kowanne 180, in da toshewa ya yi da farin layi za ka riƙa gani inda tawada ta ƙi sauka, kai kuwa tawada ce ke sauka inda ba a aike ta ba, ka ga ciwon daban ne. Kuma dan Allah ka dakata da yawan kilin ɗin nan, ba abin da yake ƙara maka sai cika kaf (murfin da hed ke zama a kai in yana hutawa) da waifa (robar share fuskarsa) da tawada, su kuma su mayar wa hed ɗin ita.

Fara da kallon inda layin ya nufa. Tunda ka ce daga gefe zuwa gefe ne, wato yana bin tafiyar hed, to galibi wani abu ne ke lilo a ƙarƙashinsa yana jan ƙasa. Kashe injin, zare filogi, ka tura akwatin da ke ɗauke da hed ɗin zuwa can ƙarshe inda za ka iya leƙa ƙasansa, ka haska da fitilar waya. Sau tari abin da za ka gani ɗan zare ne daga bakin banar da aka yanka, ko gashi guda ɗaya, ya manne a gefen ƙarfen hed, a bakinsa kuma ga ɗan ƙwallon tawada yana sheƙi, kewaye da busasshiyar tawada da ta haɗu da ƙura ta yi dunƙule. Wannan ɗan zaren shi ke yi maka zane duk sanda ya taɓa bana. Ka samu tsinken goge hed mai soso a kai, ka tsoma a ruwan wanki na irin tawadarka, ka goge kewayen a hankali, amma kar ka dirji fuskar da ramukan suke. Tishu da auduga kuwa ko kusa, su ne ma ke barin zaren.

Daga nan sai waifa, ƴar robar nan da ke share fuskar hed bayan kilin. In ta yi tauri ko bakinta ya lanƙwashe ko tawada ta daskare a kanta, to maimakon ta share shafawa take yi, ka wanke ta, in ta gaji ka canza, ba ta da tsada. Kaf ma haka, ɗiga masa ruwan wanki ka sa kilin sau ɗaya ka ga ko ya zuƙe zuwa robar tawadar banza, in ya tsaya ya yi tafki to famfo ne ya yi sanyi ko tiyo ya toshe, hed yana zama cikin tawada yana tashi da ita.

Ɗigon da ka ambata, duba launinsa. In kala ɗaya ce kullum, zargi damfar wannan kalar, wato ƴar robar da ke riƙe tawada a saman hed kafin ta shiga cikinsa, ko tana shan iska ko ta gaji, ko kuma an cika tankin ya wuce alama har tawada na gangarowa da kanta. Damfa kayan canji ne dama, ba a zama da ita shekara da shekaru.

Shi kuma dishi-dishin gefen rubutu, nan hunturu ya shigo. Bana da sitika roba ce, in iska ta bushe, warware nadin kawai yana tara musu irin wutar nan da ke tsinkar mutum in ya taɓa ƙofar mota, ita ce ke fizgar ƙananan ɗigon tawada a iska ta kai su gefe, ta kuma jawo ƙura. Masu ƙera injinan nan yawanci suna son danshin ɗaki ya kasance wajen kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, mu kuwa a Disamba da Janairu muna ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Abin da ya fi damuna shi ne shaguna da yawa ba su da wayar at, mai sauke wuta zuwa ƙasa, sam, soket na da rami uku amma na ukun ba ya haɗe da komai, balle a kan janareta. Ka kira mai wayarin ya kafa maka sandar tagulla a ƙasa ya haɗa da jikin injin, wannan aikin ya fi komai muhimmanci don yana kare har bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin. Ka rufe ƙofa, kar fanka ta busa kan injin kai tsaye, ka ajiye na'urar sa danshi in da hali, in babu ko yayyafa ruwa a daɓe nesa da wayoyi yana taimakawa. Duba tsayin hed ma, in an ɗaga shi ya yi nisa da bana tawada na watsewa kafin ta sauka, wajen milimita 2 ya isa ga yawancin aiki.

In ka ga shafa mai faɗi da alamar karce, hed ne ke gogar banar da ta kumbura, ka tsayar nan take ka rage zafin hita ka gyara zaman nadin, don wannan kam shi ke kashe hed da gaske. Layin da ya bi tsawon bana kuma ƙananan tayoyin da ke danne ta ne suka taka tawada. Ita kuma siririyar ledar ankoda da ke bayan akwatin hed, wadda injin ke karantawa don sanin inda hed yake, in ta yi datti aiki kan goce a wuri ɗaya kullum, ka goge ta da tsumma mai laushi da ɗan ruwa kawai, solben yana cinye layukanta.

In duk ka yi wannan layin bai tafi ba, siriri miƙaƙƙe, kala ɗaya, har yana wuce iyakar hoton, to lantarki ne. Sau da yawa tawada ce ta ɗiga a bakin kebul ɗin hed ko haƙoransa sun lanƙwashe. Zare filogi ka jira ƴan mintoci kafin ka taɓa shi, in ba haka ba ka ƙona bod, sannan a fara gwada sabon kebul. Sai in shi ma bai yi ba za a fara maganar hed ko bod, kuma ka ce injiniyan ya gwada a gabanka kafin ka biya.

Maganar tina kuwa, a'a, haka fetur. Suna cin roba da gam ɗin da ke riƙe da cikin hed, ruwan wankin da aka yi domin irin tawadarka kaɗai za ka sa, ka saye shi wurin wanda ke sayar maka da tawadar.