Amsa: Manhajar waya ga mai firgici da shan giya

Malam, ka tambaya ko manhajar waya za ta ishi ƙanenka da ke fama da firgici tun harin ƴan bindiga, ga kuma giya. Ba za ta isa ba.

PTSD Coach, manhajar masu fama da firgici, kyauta ce, daga ma'aikatar tsoffin sojojin Amurka. Tana koyar da numfashi a hankali da auna tsananin firgici. Manhajar VetChange kuwa tana ƙirga kofunan giyar da ya sha kullum. Matsalar, da Turanci suke.

Amma kada ya yanke giya farat ɗaya. Wanda ya daɗe yana sha, idan ya daina haka, farfaɗiya na iya kama shi cikin awa 6 zuwa 48, ruɗewa bayan kwana 2 ko 3. Ku fara ganin likita a babban asibitin Maradi. Allah ya ba shi lafiya.