Shiga gwaji da takardar rubutun hannu

Ɗan'uwa, ka ce malaminku ya yarda ku shiga gwaji da takarda ɗaya da kuka rubuta da hannu, kana tambayar ƙa'idarta. Ku roƙe shi ya sa izinin a kan takardar tambayoyi, don ba lallai mai sa ido ya san da zancen ba. Sai ka tambayi malamin: fuska ɗaya ko gaba da baya? Galibi ba a karɓar fotokwafi. Rubuta sunanka a sama, ka nuna ta tun a bakin ƙofa. Kada ka cunkusa rubutu kamar ƙafar tururuwa, abin da ke kufce maka ya isa.

Izinin nan fa a aji ya tsaya. A WAEC da NECO, ko guntuwar takarda mai rubutu a aljihu satar amsa ce, ana iya soke sakamakonka.